Wake a lambun gida a Legas: tsintar ƙwari, dogon yaro ko feshi, kuma a me za a adana shi?

Wanda ya taso yana ganin noman wake a Arewa, idan ya samu ɗan fili a Agege ko Ikorodu ko Ojo ya shuka, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yawan ƙwari. Ƙasar tana karɓar wake, ganye ya fito kore shar, amma kafin a kai ga roro an raba shi da ƙwari kashi-kashi. Dalilin a fili yake: ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninkin na Kano, ga raɓa ga zafi, kuma babu doguwar rani mai ƙona ciyawa da za ta katse wa ƙwari haihuwa. Saboda haka tambayar mai lambu ita ce da me zai yaƙe su. Amsar ta danganta da wane ƙwaro ne, da girman filin, da kuma su wa ke zaune kusa da shi.

Ƙwari uku masu taurin baya ne ke damun wake, kuma kowanne da lokacinsa. Na farko ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar milimita 6, launin ƙasa-ƙasa mai ɗan ja da ƙyalli. Masana suna ce masa Ootheca. Shi ke huda ganyen wake tun yana ɗan tsiro, ya bar shi raga-raga. Da an taɓa shukar sai ya saki jiki ya faɗo ƙasa. A ƙasa yake yin ƙwai, tsutsarsa tana cin saiwa, kuma yana ɗaukar cutar nan mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance daga wata shuka zuwa wata. Na biyu hangara ce, doguwa, baƙa mai ratsin ja ko rawaya, wadda ke zuwa lokacin fure ta cinye furen. Ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata, don haka ba a kama ta da hannu tsirara. Na uku shi ne ƙwaron wake da kowa ya sani a buhu. Mutane da yawa suna zaton a ɗaki yake shiga wake, alhali tun a gona macen take manna ƙwai a jikin kwanson da ya fara bushewa, a kwaso shi tare da amfanin a kawo gida.

Kafin maganar magani akwai zaɓi biyu da suka fi kowane feshi tasiri: yaushe za a shuka, kuma wane iri.

Damina biyu ce a Legas. Ta farko daga Afrilu zuwa Yuli, mai ƙarfi. Sai ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Waken da aka shuka a Afrilu ko Mayu zai yi fure ya nuna a tsakiyar ruwan Yuni da Yuli: kwanso ya yi funfuna, ƙwaya ta tsira tun tana jikin uwa, duk abin da aka fesa kuma ruwa ya wanke shi kafin gari ya waye. Wanda aka shuka daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba yana samun ruwan da zai girma, ya bushe a Nuwamba lokacin da sama ta fara ɗaukewa. Ga mai son busasshen wake, wannan ne lokacin, babu wani. Mai son ganye don miya ko kwaɗo, ko harawa don ragonsa, shi ne zai iya shukawa a damina ta farko.

Game da iri kuwa, wake mai yaɗo irin Kanannado yana jiran tsawon rana ya ragu kafin ya yi fure, ya daɗe a gona wata huɗu ko fiye, ya cinye fili. Duk kwanan da ya ƙara a gona, kwana ne da ƙwari suka ƙara samu. Wake mai tsayuwa da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75 ya fi dacewa da lambun gida. Ife Brown, wanda aka samar don ƙasar Yarbawa, yana cikinsu, haka ma ire-iren da cibiyoyin binciken noma na IITA da ke Ibadan da IAR da ke Samaru suka fitar. Akwai SAMPEA 20-T da aka saki a Disamban 2019, wanda aka sa masa kariya daga tsutsar Maruca mai huda fure da kwanso. Yana rage yawan feshi sosai, amma a sani cewa kariyarsa ta tsutsa ce kawai. Mai huda ganye da hangara da ƙwaron buhu duk suna cin sa kamar kowane wake.

A yi kunya mai tudu, santimita 20 zuwa 30, domin wake ba ya jure kwanciyar ruwa ko ta kwana biyu. Tsakanin layi da layi santimita 50, tsakanin rami da rami 20, zurfi 3 zuwa 5, a zuba ƙwaya uku, bayan mako biyu a rage su koma biyu. Wanda tsakar gidansa siminti ce, bokiti mai lita 20 da aka huda gindinsa zai ɗauki shuka biyu ko uku, a ajiye inda rana ke samu awa shida ko fiye. Kada a cika masa takin yuriya ko kashin kaji mai yawa: sai ya tafi ganye, ya ƙi fure, ganyen mai taushi kuma ya jawo darɓa.

Ya kamata a faɗi gaskiyar abin da za a samu, domin a kanta ake gina lissafin magani. Waken da ya yi kyau yana ba da giram 100 zuwa 150 a kowace murabba'in mita. Fili mai mita 4 a 5 zai ba da kilo 2 zuwa 3, wato bokitin fenti guda da ƙyar. Duk abin da za a kashe a kan ƙwari, a auna shi da wannan.

Tsinta da hannu ita ce hanyar da aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi dacewa da ƙwari biyun farko. Da sassafe bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗumama su, ƙwarin ba su da kuzarin tashi. A zuba ruwa a faffaɗan roba, a sa ɗan omo ko sabulu, a tara ta a ƙarƙashin shukar, a girgiza. Halin mai huda ganye na faɗowa ƙasa shi ke kai shi cikin ruwan. Hangara kuma babba ce, ana ganinta daga nesa a kan fure, a sa safar hannu ko a zura hannu a leda a cire ta a jefa a ruwan. Kada a watsa wa kaji, kada kuma a bari ta bushe cikin harawa, domin gubar jikinta ba ta mutuwa da mutuwarta. Aikin yana son a yi shi kullum a makonni ukun farko, sannan kullum idan fure ya buɗe. Inda hanyar ke gazawa shi ne wurin wanda ke fita kasuwa tun duhu ya dawo bayan isha'i, da kuma ƙananan ƙwarin da ke ɓuya cikin fure, waɗanda ido ba ya kama su sosai balle hannu.

A nan akwai abin da ke sa mutane gaggawar feshi ba dalili. Wake yana da juriyar rasa ganye. Idan ya wuce mako uku yana da ganye shida ko fiye, 'yan hudojin da ake gani ba sa rage amfanin da zai bayar. Hatsarin yana ga ɗan tsiro mai ganye biyu zuwa huɗu, wanda ƙwari za su iya gamawa da shi cikin kwana kaɗan. Shukar da ta nuna dabbare-dabbare ta ƙanƙance kuwa ba ta da magani, a tuge ta a fitar da ita daga lambun.

Rufewa da raga ta fi sauƙi ga marar lokaci. Wake da kansa yake yi wa kansa barbara a cikin fure, ba ya jiran zuma, don haka ko an rufe shi zai yi 'ya'ya. A kafa sanduna, a shimfiɗa raga mai ƙananan ido tun ranar shuka, a danne gefenta da ƙasa ko bulo. Matsalarta biyu. Idan an taɓa shuka wake a wurin a bara, ƙwarin suna iya fitowa daga cikin ƙasar a ƙarƙashin ragar, an kulle su ke nan da abincinsu. Sannan a laimar Legas iska ba ta ratsawa sosai, ganye ya daɗe a jiƙe, cutar funfuna ta samu wuri. Abin da ya fi shi ne a rufe na mako uku zuwa huɗu na farko, a cire idan shukar ta yi ƙarfi. Ga masu shuka a bokiti da sabuwar ƙasa, raga ta fi komai.

Dogon yaro, ko darbejiya, ƙarfinsa yana cikin 'ya'yansa, ba ganye ba. Ruwan ganyen da mutane ke tafasawa yana ɗan taimakawa, amma bai kai rabin na ƙwaya ba. A samu busassun 'ya'ya marasa funfuna, a fasa ɓawon, a daka ƙwayar ta yi laushi. Giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin abin feshi, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. Lita ɗaya ta ishi fili mai mita 4 a 5. A fesa da yamma, saman ganye da ƙarƙashinsa, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa. A maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai, da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ba a ajiye haɗin, ranar da aka tace ranar ake fesawa. Mai amfani da man dogon yaro kuma mililita 5 ne a lita, a fara kaɗa shi da sabulu kafin a ƙara ruwa, in ba haka ba man zai taso sama ya ƙona ganye.

Masu cewa dogon yaro ba ya aiki yawanci sun fesa ne suna jiran su ga gawa. Ba haka yake aiki ba. Yana hana ƙwaro ci, ya hana tsutsa girma, don haka a sabon ganye ake duba sakamakonsa: idan ya fito ba huda, ya yi aiki. Yana da kyau a kan mai huda ganye da darɓa da ƙananan tsutsotsi, amma hangara ba ta cika damuwa da shi ba. Bishiyar ba ta da yawa a Legas kamar a Arewa, sai dai motocin kaya daga Arewa suna sauka kasuwar Mile 12 kullum, kuma mudu guda na 'ya'yan ya ishi ƙaramin lambu har a yi roro.

Maganin feshi na kanti, irin su lambda-cyhalothrin da cypermethrin, shi ne mai kisa nan take, kuma babu amfanin musun haka. A babbar gona a kudancin Najeriya, wake ba tare da feshi ba asara ce. Tsarin da aka saba shi ne sau biyu zuwa uku: na farko idan fure ya fara ƙullawa, wajen kwana 30 zuwa 35 da shuka, na biyu bayan kwana goma, na uku idan kwanso ya fara cika. Amma a duba lissafin lambun gida. Irin lambda mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari yawanci mililita 2 zuwa 3 ake sa wa a lita, kuma lita guda ta gama filin. Feshi uku ba za su ci mililita 10 ba. Sauran kwalbar za ta zauna shekaru a gidan da yara ke rarrafe. Ga kuma maƙwabta: a gidan haya tagar wani tana kallon lambun, igiyar shanya tana samansa, rijiya tana gefe. Wannan rukunin magani yana kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne, kuma masu kiwon tarwaɗa a tanki suna da yawa a unguwannin Legas. Wanda ke tsinkar ganye don miya ko yake yanka wa akuya ɗanyen ganye, feshi ya rufe masa wannan ƙofar har sai kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba sun cika.

Idan ya zama dole, a auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba. A fesa da yamma lokacin da iska ta kwanta kuma zuma ta koma, a rufe hanci da baki, a sa doguwar riga da takalmi, a yi wanka bayan an gama. Ninka magani ba ya ƙara kisa, ganye yake ƙonawa.

To wanne za a ɗauka? Mai bokitai ko fili da bai wuce murabba'in mita 20 zuwa 30 ba a cikin gida, raga a farko, tsinta da safe, dogon yaro duk mako, ya wadatar, ko da zai rasa wani abu ga ƙwarin fure. Mai fuloti guda ko rabi a bayan gari, nesa da ɗakunan mutane, hannu ba zai iya ba: ya yi dogon yaro a watan farko, ya ajiye feshin kanti don lokacin fure, sau biyu. Alamar da ke nuna lokacin ya yi ita ce fure yana zubewa ƙasa ba kwanso. A tsinki fure ashirin a buɗe su, idan aka ga ƙananan baƙaƙen ƙwari suna yawo a mafi yawansu, ko tsutsa da kashinta, dogon yaro kaɗai ba zai riƙe ba.

Sai babban yaƙin, wanda ake yi bayan roro. Macen ƙwaron wake tana yin ƙwai da dama, har kusan ɗari, ta manna su ɗaya-ɗaya a jikin ƙwaya. Idan aka ɗauki wake aka duba da kyau za a ga ɗigo fari ƙanƙane a manne, farce ba ya cire shi da sauƙi: ƙwan ke nan. Tsutsar tana hudawa ta ƙarƙashinsa ta shige ciki, ta yi duk girmanta a ɓoye, cikin mako uku zuwa huɗu a zafin Legas ta fito babban ƙwaro ta bar rami zagayayye. Waken da ake gani lafiya lau a Disamba zai iya zama gari da ƙwari kafin Maris. Saboda haka kada a bar busasshen kwanso a gona ana jiran sauran su nuna. A riƙa roro duk kwana uku ko huɗu, a shanya, a buga, a sheƙe, a sake shanyawa har ƙwaya ta riƙa fashewa ƙas a haƙori maimakon ta lotse. Wani gwajin: a zuba busasshen gishiri cokali guda da wake a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bari ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, waken bai bushe ba. Duk hanyar adanawa da za a bi, ɗanyen wake funfuna zai yi.

Jarka ko gorar roba mai murfi mai kyau ita ce ta fi dacewa da ɗan abin da lambu ke bayarwa. Ƙwarin da ke ciki suna shaƙe iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, har da na cikin ƙwaya. Sharaɗin shi ne a cika ta har wuya, ana bubbugawa don ya zauna, a sa leda a baki kafin a murɗa murfi, kuma kada a buɗe har wata biyu. Jarka mai lita 5 tana ɗaukar kusan kilo 4, mai lita 25 kusan kilo 20. Rabin jarka ba ya aiki, iskar da ke sama ta ishe su rayuwa. Shi ya sa gorunan ruwa masu lita ɗaya da rabi suka fi wa mai ɗiba kullum: a buɗe ɗaya a cinye, sauran suna rufe. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko magani ba ta shiga wannan aiki.

Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, dabararsa ɗaya da jarka: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure shi daban. Yawanci na kilo 50 da 100 ne, don haka ya fi dacewa da wanda ya sayi buhu lokacin kaka ya ajiye wa iyali. Abokin gabansa ɓera ne, huda ɗaya ta ɓata aikin. A ɗora shi a kan katako, nesa da bango.

Firiza tana kashe komai idan wake ya daskare kwana huɗu zuwa bakwai a jere, amma wannan sai mai tsayayyar wuta. Idan an fito da shi a bar ledar a ɗaure har ya huce, in ba haka ba raɓa za ta kwanta masa. Kuma da ya fito kariya ta ƙare, sai an zuba shi a abin da ke rufuwa. Zafin rana ma yana kisa idan ya kai digiri 57 na awa guda, amma shanya ta yau da kullum ba ta kai wa nan, manyan kawai take kora. Sai an shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kwali, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba kauri, a rufe da farar leda mai nuna ciki a naɗe gefuna, a bar shi awa biyu da tsakar rana. A Legas sai an zaɓi ranar da ba hadari ba hazo. Toka da aka tankaɗe tana aiki idan an haɗa ta daidai da yawan waken, mudu da mudu, a rufe saman da wata tokar, kuma ta fi kyau ga iri. Man gyaɗa mililita 5 a kilo yana kashe ƙwai na 'yan watanni. Busasshen barkono da ake jefawa a buhu kuwa ba ya taɓa tsutsar da ta riga ta shige ƙwaya.

Abu biyu ne ba su da wuri a gidan da mutane ke kwana. Sniper da 'yan uwansa masu sinadarin dichlorvos ba a yi su don a zuba a abinci ba. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa. Wanki da tafasa ba su da tabbacin fitar da shi. Ƙwayar Phostoxin kuma, maganin ƙwarin da ake sa wa a hatsi, da ta sha laimar iska take sakin gas mai kisa, wanda ke ratsa buhu da silin da ƙarƙashin ƙofa zuwa ɗakin maƙwabci. Aikin ƙwararru ce a rumbun da ba kowa a ciki.

Irin da za a shuka baɗi a ware shi tun a gona daga shukokin da ba su nuna cutar ganye ba. Daga Disamba zuwa ƙarshen Agusta wata tara ne, kuma a laimar Legas wake a buɗe ba ya kai wa haka da ransa. A busar da shi sosai, a cika ƙaramar gora, a rubuta sunan iri da watan roro a jiki, a ajiye a inuwa nesa da murhu. Mako biyu kafin shuka a ɗebi ƙwaya ashirin a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Idan goma sha shida ko fiye suka tsira cikin kwana biyar, a shuka uku-uku kamar yadda aka saba. Idan ba su kai ba a ƙara ƙwaya a rami, idan kuma rabi ne ko ƙasa da haka a nemi sabon iri.